Yadda Ake Sayen Agogon Wani (Marar Batir) Mai Sarƙaƙƙen Inji Ba Tare da An Sayar Maka da Kwalliya Ba

Tambaya ɗaya ce take ta dawo min ta bakuna daban-daban: mutum ya ga agogo mai ƙananan fuskoki uku, ko mai hoton wata, ko wanda ake hango zuciyarsa, wato ɗan zoben da ke kai da komo a cikin inji, tana bugawa ta wata 'yar taga, mai kaya ya ce masa kwafi ne mai lamba ɗaya, kuɗinsa dala ɗari biyar ko dubu, ya saya ko ya haƙura? Amsar ba ta shiga layi biyu, shi ya sa na zauna na jera matakan yadda ni kaina nake bi. Abin da za ka riƙe tun daga nan shi ne kuɗinka inji suke saya. Fuska da gilashi da maɗauri, masana'anta ko wacce tana iya ƙyalƙyale su, amma abin da ke ƙarƙashin fuskar shi ne zai yi shekara goma a hannunka ko ya mutu kafin babbar Sallah.

1. Fara yanke shawara a kan sunan da ke fuska

Kaya iri uku ne a kasuwa. Akwai gangariya, na kamfanin da sunansa ke jiki. Akwai jabu, wanda aka manna masa sunan Rolex ko Patek Philippe ko Omega alhali kamfanin bai san da zamansa ba, shi ne masu kaya ke kira kwafi. Sai na uku, wanda ya ɗauko fasalin sanannen agogo amma ya sa sunansa na kansa, yana da adireshi, yana ba da garanti.

Ni na uku nake ba da shawara, kuma ba na nuna wa kowa hanyar masu jabu. Dalilina na kuɗi ne kafin ma a zo maganar algus. Injin da ke cikin jabun dala dubu, sau da yawa shi ne a cikin agogon dala ɗari uku mai sunan kansa, bambancin kuɗin na tambarin sata ne. Mai jabu ba ya ba da garanti, in ma ya bayar babu inda za ka kai ƙara. Kamfanin da aka saci sunansa ba zai taɓa gyara maka ba.

Gargaɗi ga matafiya: tun 2008 jami'an kwastan na Suwizalan suna da ikon ƙwace jabun agogo su lalata shi ko da na amfanin kanka ne. A Faransa dokar ta fi tsanani, hukuncin kayan jabu yana iya kaiwa ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 300,000. Idan kana bi ta filayen jirgin Turai, wannan kaɗai ya isa ka sake tunani.

2. Zaɓi aiki guda ɗaya, ka san yadda ake yin na ƙaryarsa

A nan ne mafi yawan kuɗi ke salwanta, don haka zan daɗe a nan. Duk wani aiki da agogo ke yi bayan nuna awa da minti da sakan, ƙarin haƙora ne da sifirin a ciki, kuma kowane ƙari wata kafa ce ta lalacewa. Agogon da ya haɗa ayyuka huɗu a kan kuɗi kaɗan, to uku daga ciki zane ne.

Kuronogiraf, wato mai auna tsawon lokaci da maɓallai biyu a gefe. A na gaskiya, dogon tsinken da ke tsakiya a tsaye yake cak a kan 12, ba ya motsi sai ka danna maɓallin sama. Sakan ɗin yau da kullum a ɗaya daga cikin ƙananan fuskokin yake tafiya. Idan ka ga dogon tsinke yana ta zagaye shi kaɗai, kuma da ka danna maɓalli sai wani ƙaramin tsinke ya yi taku ɗaya, wannan kalanda ce aka yi wa shigar kuronogiraf: ƙananan fuskokin ranar mako da kwanan wata suke nunawa. Akwai kuma wanda kuronogiraf ɗinsa na gaske ne amma batir ke jan sa, irin injin Seiko VK63. Agogo ne mai kyau, sai dai ba na wani ba ne, wato ba sifirin da ake murɗawa ke jan sa ba, kuma bai kamata ka biya kuɗin na wani a kansa ba. Za ka gane shi da ƙaramin tsinken sakan da ke tsalle sau ɗaya kowane sakan.

Turbiyon. Wannan shi ne aka fi yaudarar mutane da shi. A turbiyon na gaskiya, zuciyar agogon tana cikin wani ɗan keji, kuma kejin gaba ɗayansa yana juyawa, yawanci zagaye ɗaya a minti ɗaya. Wanda ake sayarwa da sunansa a shaguna da yawa taga kawai aka huda a fuska, ana ganin zuciyar tana kai da komo a wuri ɗaya. Zuba masa ido sakan 15. Idan kejin bai yi kwatan zagaye ba, taga ce.

Hoton wata. Wannan ni ma an taɓa sha na da shi. Na saya a hannun wani mai kanti, ya rantse min wata yake bi, na ɗaura ana saura 'yan kwanaki azumi ina murna zan riƙa duba tsufan wata a hannuna. Daren farko bayan an ga wata, jinjirin wata siriri a sama, na duba hannuna na ga wata cikakke kamar daren sha huɗu. Da gari ya waye sai hoton rana ya hau gurbinsa. Ashe faifan dare da rana ne, mai juyawa sau ɗaya a awa 24. Na gaskiya faifai ne mai hoton wata biyu da haƙora 59, yana matsawa haƙori ɗaya a kowace rana, ya cika zagayen wata a kwana 29 da rabi. Gwajinsa mai sauƙi ne: ja kan wani, wato ɗan maɓallin gefe da ake murɗawa, ka juya tsinkayen su yi awa 24. Watan ɗan matsi kaɗan ya kamata ya yi. Idan ya faɗi ya sake fitowa, ko rana ta leƙo, ka ajiye.

Kalandar dindindin, wadda ta san Fabrairu da shekara mai kwana 366 ba ta buƙatar gyara har 2100. Gangariyarta ta dubban daloli masu yawa ce. A kan 'yan ɗaruruwa, abin da za a ba ka kalanda ce ta yau da kullum da kai ne za ka riƙa tura wata da shekara da tsinken ashana, sannan ka gyara kwanan wata sau biyar a shekara, ƙarshen Fabrairu, Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba. Kada ka biya ko sisi a kan wannan suna.

Wanda zai fara, kuronogiraf nake zaɓar masa. Shi ne aikin da ake samun na gaskiyarsa a kuɗi mai sauƙi, kuma kana iya gwada shi da yatsanka.

3. Tambayi sunan inji da lambarsa

Kada ka karɓi amsar “otomatik ne” ko “injin Suwis ne”. Ka ce a faɗa maka suna da lamba, a kuma nuna maka shi ta bayan agogon.

Seagull ST1901, na masana'antar Tianjin da ke China, shi ne na fi amincewa da shi a wannan farashi. Tushensa injin Venus 175 ne na Suwizalan, wanda masana'antar ta sayi kayan ƙera shi a farkon shekarun 1960 don yi wa sojojin saman China agogo. Da hannu ake ba shi wani, yana bugu 21,600 a awa, sakan a wajen 9, ma'aunin minti 30 a wajen 3. Ɗan'uwansa ST1908 yana da hoton wata na gaske. Turbiyon ɗinsu kuma dangin ST8000 ne.

ETA 7750, da takwaransa Sellita SW500, su ne dokin aikin kuronogiraf mai ba kansa wani. Bugu 28,800 a awa, duwatsu 25 na rage gogayya, kaurin injin kaɗai milimita 7.9, shi ya sa agogon da ke ɗauke da shi ba ya zama siriri. Nauyin da ke juyawa a bayansa ɓangare ɗaya yake ba da wani, idan ya saki ta ɗaya ɓangaren har a fatar hannu za ka ji yana rawa. Masana'antun China suna yin kwafinsa, kuma shi ne a cikin jabu masu yawa.

Gargaɗi: asalin 7750 sakan ɗinsa a wajen 9 yake. Don a kwaikwayi fuskar Rolex Daytona ta zamani, mai sakan a wajen 6, sai a ɗora wa kwafin injin ƙarin haƙora a sama don a karkatar da tsinken. Waɗannan haƙoran suna jan ƙarfin inji, suna bushewa, su ne ke fara ci. Idan aka ce maka kwafin 7750 ne kuma sakan na tafiya a 6, ka sani an yi masa wannan ɗorin.

Idan kana so ka tabbatar da bugun, ɗauki bidiyon tsinken da wayarka a tsarin tafiyar hawainiya. Mai 21,600 taku shida yake yi a sakan, mai 28,800 taku takwas.

4. Yi lissafin kuɗin gaba ɗaya

Da dala nake lissafi saboda naira da sefa ba sa zama wuri ɗaya. Agogo mai ST1901 da sunan kansa yawanci yana tsakanin dala 150 zuwa 350. Turbiyon ɗin China na gaskiya yakan fara daga wajen dala 400 ko 500 ya yi sama. Mai 7750 ko SW500 na asalin Suwizalan da wuya ka same shi sabo ƙasa da dala dubu. Daytona na ƙarfe kuwa a shagon Rolex ya haura dala 15,000, don haka wanda ya miƙo maka shi a kan dubu ɗaya yana cewa na wani Alhaji ne da ya matsu, ka riga ka san amsar.

A kan farashin, ƙara kuɗin jigila, kuɗin kwastan, da sabon maɗauri, domin fatar da ke zuwa da irin waɗannan agogunan ba ta jure gumin bazara. Ni nakan ware kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin agogon in ajiye don gyaran farko. Idan ware wannan zai takura ka, agogon ya fi ƙarfinka a yanzu, sauko mataki ɗaya.

Ga maza masu gudun zinare: launin zinaren da ke jikin waɗannan agogunan shafe ne, yana kuma goge wa a gefuna cikin shekara ɗaya ko biyu. Farin ƙarfe mai lamba 316L ya raba ka da shakku da kuma goge wa. Gilashi ka nemi safaya, ba ya karcewa da sauƙi.

5. Gwada shi kafin kuɗi su bar hannunka

Kayan aikin kaɗan ne: ƙaramin gilashin ƙara girma mai ninki 10 irin na masu gyaran agogo, waya mai kyamara, da wuri mai haske. Idan daga nesa za ka saya, ko ka saƙa wa wani mai zuwa Guwanzu ko Dubai, to bidiyo za ka nema, na ainihin agogon da za a turo maka, da takarda a gefensa an rubuta ranar. Hoton talla ba ya cikin lissafi.

Bi wannan jeri. A ba shi wani, a ji kan yana juyawa sumul ba ƙara. A danna maɓallin sama, dogon tsinke ya tashi ba tare da ya yi tsalle mai nisa ba. A bar shi ya cika minti ɗaya, a ga ma'aunin minti ya matsa daidai lokacin da tsinken ke ƙetare 12. A sake danna na sama ya tsaya. Sai a danna na ƙasa, tsinkayen su koma sifiri daram. A maimaita sau uku, ana tsayar da shi a wurare daban-daban. Tsinken da ya koma gefen 12 ko da da faɗin gashi ne, ya saki a kan sandarsa ko an dasa shi a karkace, kuma abin ƙaruwa yake yi.

Gargaɗi: kada ka danna maɓallin ƙasa tsinke yana gudu. Tsayar da shi tukuna. Injin da ba a ƙera shi don haka ba, idan aka matsa masa da ƙarfi wani abu yana iya lanƙwashewa a ciki.

Da gilashin ƙara girma, duba ƙura a ƙarƙashin gilashi, da kawunan sukurorin inji ta baya. Sukurori masu tabon sukudireba suna nufin an taɓa buɗe shi, sai ka tambayi dalili.

6. Karanta takardar taimgirafa

Taimgirafa na'ura ce da ke sauraren bugun agogo ta fitar da lambobi. Wadda aka fi gani ita ce Weishi 1000, kuma duk mai sayar da agogon wani da gaske yana da ita. Lambobi uku za ka duba, bayan an ba agogon cikakken wani.

Na farko, sakan nawa yake ƙarawa ko ragewa a rana. Ma'aunin hukumar COSC ta Suwizalan, mai tantance daidaiton agogo, daga ragin 4 ne zuwa ƙarin 6, amma kai a wannan farashi duk abin da bai wuce 10 ko 15 ba ya yi. Na biyu, faɗin lilon zuciya: agogo na kwance fuska sama, tsakanin digiri 270 da 310 lafiya ce. Idan sabon agogo ya gaza 230, mai ya bushe ko akwai datti. Na uku, ratar da ke tsakanin bugun hagu da na dama, wadda ake so ta kasance ƙasa da milisakan 0.6.

Gargaɗi: a allon akwai wata lamba da mai na'ura ke sa wa da hannu, kusurwar ɗagawa. Yawanci tana kan 52, na 7750 kuma 49 ne. Idan aka ɗaga ta sama, faɗin lilo yana fitowa da kyau a allo alhali injin bai canza ba. Ka ce a nuna maka allon gaba ɗaya. Ka kuma ce a gwada shi a tsaye, kan wani yana kallon ƙasa, tunda a hannu ba a kwance yake wuni ba.

7. Biya ta hanyar da kuɗi ke iya dawowa

Shafin ciniki da ke riƙe kuɗi sai kaya sun iso, ko katin banki, ko hannu da hannu bayan gwaji. Wanda ya dage sai kirifto ko turawa kai tsaye zuwa asusun wani mutum, ya rufe maka ƙofar ƙorafi. A rubuta sunan injin a rasit. Ranar da kunshin ya iso, kunna kyamara tun kafin ka yanka salatif, ka maimaita gwajin mataki na 5 a cikin bidiyon ba yankewa.

8. Makon farko

Cire shi daga hannu kafin ka ba shi wani, domin juya kan yana ɗaure yana lanƙwasa sandar. Mai wanin hannu irin ST1901, juya a hankali har ka ji ya yi tauri, sai ka tsaya nan take. Ƙarin juyi ɗaya da ƙarfi yana iya tsinka sifirin. Zaɓi lokaci ɗaya kullum, ni bayan sallar Asuba nake yi.

Daidaita shi da agogon waya, ka riƙa rubuta bambancin kowace safiya har kwana bakwai. Agogon da ke ƙara sakan 12 kullum lafiyarsa ƙalau, saiti kawai yake so. Wanda yau ya ƙara 5, gobe ya rage 30, shi ne mai ciwo, mayar da shi tun garanti bai ƙare ba. A ƙarshen mako cika masa wani ka ajiye, ka ga awa nawa zai yi kafin ya tsaya. Ya kamata ya haura awa 40.

Gargaɗi: kada ka sauya kwanan wata da kan wani idan tsinkayen suna tsakanin ƙarfe 8 na dare da 3 na asuba. A lokacin haƙoran kalanda sun riga sun kama aiki, tura su yana karya haƙori. Idan ba ka san dare ne ko rana agogon yake nunawa ba, kai tsinkayen ƙarfe 6 da rabi tukuna, sannan ka sauya. Haka ma maɓallin gyara hoton wata.

9. Alwala, ƙura, maganaɗisu, da mai gyara

Rubutun mita 30 a bayan agogo fantsamar ruwa kawai yake nufi, kuma kuronogiraf yana da ƙarin ramuka biyu na maɓallai. Mu da muke wanke hannu zuwa gwiwar hannu sau biyar a rana, cire shi ka sa a aljihu kafin ka ɗauki buta, kuma kada ka danna maɓalli da jiƙaƙƙen yatsa. Idan ka ga hazo a cikin gilashi, kai shi a buɗe a ranar, tsatsa ba ta jira. Lokacin hunturu ka tabbata kan wani a ture yake ciki, ka riƙa goge gefen maɓallai da busasshen burushi mai laushi.

Idan agogo ya wayi gari yana gudun minti biyu ko uku a rana, kada ka tsorata, yawanci maganaɗisu ne ya kama shi daga lasifika, rediyo, bayan waya ko murfin kwamfuta. Kusanta shi da kamfas, idan allurar ta motsa shi ne. Na'urar cire maganaɗisu 'yan daloli ce, aikin kuma na sakan goma ne.

Sabis duk shekara huɗu ko biyar. Masu gyaran agogo na kasuwa da yawa sun ƙware a batir da gilashi da maɗauri, amma kuronogiraf wani fanni ne daban. Kafin ka miƙa, tambaye shi cikin girmamawa: “Malam, ka taɓa kwance irin wannan injin? Kana da taimgirafa? Wane mai kake sa wa?” Idan ya ce zai tsoma injin a fetur ya ɗiga man keken ɗinki, karɓi abinka ka yi godiya. Ga ST1901 da kwafin 7750, sau da yawa sayen sabon inji a dasa ya fi kwance tsohon araha, kuma mai gyara mai natsuwa yana iya dasawa idan ka kawo masa injin. Turbiyon kuwa kusan kullum mayar da shi ake yi wurin wanda ya sayar, don haka kafin ka biya, tambaye shi a rubuce wa zai ɗauki kuɗin jigilar zuwa da dawowa.